Ƙullin Inna Kubura

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta a Gyaɗi-Gyaɗi.
Janareta ya yi tari, ya kama.
Na duba akwatin ɗumi: talatin da bakwai, bai motsa ba.

Na sa ido a madubi.
Ga su nan curi guda, kamar ƙwan kifi,
an ciro su daga tayin ɓera ɗan kwana huɗu,
ba wanda aka raɗa wa suna tukuna.
Wannan zai iya zama ido, zai iya zama ƙashi,
ko jijiyar da ke kai labarin ƙuna.
Saƙo ɗaya ke rubuce a cikin kowannensu,
ba ragi, ba ƙari.

To, me ke raba su?

Inna Kubura ce ta fara ba ni amsa,
ita da ba ta taɓa zama a aji ba.
A tsakar gidanmu na Yakasai take shimfiɗa farin yadi,
ta tsunkuno nan ta ɗaure da zare,
ta bar can a sake.
Ni ke kai wa marina a Ƙofar Mata.
Inda ta ƙulle, baba ba ya shiga.
Inda ta saki, ya sha har ya ƙoshi.
Yadi ɗaya, rami ɗaya,
wannan ya fito da zobba, wancan da taurari.

Haka zaren gado yake a nannaɗe.
Wani sashen an matse shi, an ce ya yi shiru,
wani an kwance, ana karantawa.
Akwai wanda aka yi wa zarge kawai,
bai ƙullu ba, bai kwance ba,
yana jiran hannun da zai ja.

Masu gadi uku ne a bakin ƙofa,
kowa na zungurar ɗan'uwansa kada ya yi gyangyaɗi.
Muddin idonsu biyu, yadin na nan fari.
Ran da suka rintsa, an tsunduma ke nan.

Kwana goma da na janye abin da ke tashinsu.
Yau a faranti na shida, can gefe,
wani ɗan gungu yana harbawa.
Harbawa!
Tsokar zuciya, ba ƙirji, ba jini,
tana kiɗa wa kanta.

Na laluba waya in kira Inna.
Shekara tara ke nan da aka kai ta Dandolo.

Sai na rubuta lokaci a littafi: uku saura kwata.
Biron ya yi amai,
shuɗi ya kama mini babban yatsa
daidai inda nata yake kamawa.