Marinin Kakuri

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙar Kakuri,
sashen rini, inda ido ne ma'auni.
Ja in ya yi sanyi, ko da ƙwayar gero ne, ni ke fara gani.
Aka garƙame ƙofa, injuna suka yi tsit,
idon dai bai karɓi sallama ba.

Shi ya sa ran Talata, bayan asuba,
na tsaya gaban akwatin gilashin falo,
na ce wa Tabawa, "Ɗan Jaja ya koɗe."
Ta ce, "Kai da neman aibu! Kifi atamfa ne?"
Na ce, "Ajiye tsintsiyar, zo ki duba."

Ga ɗigo-ɗigo fari a fiffikensa
kamar an barbaɗa masa gishiri da ransa.
Jan bayansa ya koma shayin da madara ta yi wa yawa.
Yana goga jiki da dutse,
ya naɗe wutsiya, ya shige lungu,
kamar wanda ake bi bashi ya hango mai kuɗi.

A Barnawa, Jatau mai shago ya titsiye ni:
"Ruwan famfo kake zubawa kai tsaye?" Na ce e.
"An ƙaro baƙi?" Na ce biyu, jikata Hansatu ta kawo.
"Sau nawa suke ci?"
Na sosa ƙeya. Na ce ai ƙauna ce.
Ya ce, "Ƙaunar ce ke ruɓewa a ƙarƙashin tsakuwa."

Ya miƙo 'yar kwalba. Na buɗe, sai dariya:
shuɗi ne, shuɗi tsantsa,
ɗan'uwan wanda ya daɗe yana haya a farcena.
Ashe rini ma yana aikin asibiti!

Na keɓe mara lafiya a bokiti,
na ɗiga shuɗin ina ƙirgawa, kamar da.
Na kwashe sulusin ruwan akwati,
na mayar da wanda ya kwana a buɗe, warin famfo ya fice.
Gishiri kaɗan. Abinci, ƙasa da kaɗan.

Dare na uku aka ɗauke wuta.
Injin iska ya mutu, kumfa ta ɗauke,
suka taso sama suna hamma.
Na zauna da kofin silba
ina ɗiba, ina tsiyayowa daga sama kamar mai shayin bakin tasha,
har ladanin Makera ya yi kiran farko.

Duk da haka ƙaramin baƙon ya tafi.
Hansatu ta naɗe shi a takardar lissafinta,
muka binne a gindin gwanda.
Ba ta yi min magana ba sai la'asar.

Rana ta tara ɗigon suka kaɗe.
Jan ya fara dawowa daga wutsiya,
sannu-sannu, kamar kuɗin fansho,
amma gefen kunnensa akwai tabo fari-fari
da ya ƙi karɓar launi.

A masaƙa, yadi irin wannan
alli nake ja masa, a jefa shi gefe.
Bandir nawa na kashe a kan abin da bai kai haka ba?

Tabawa ta leƙo daga kicin: "To, marini, ya warke?"
Na dubi tabon, na dubi bakinsa yana cafkar tsaba.
Na ce, "Ya ci."