Tsagar Matakala ta Bakwai

Yuro goma sha biyu Nives ta biya
don in shiga gidan da na goge shekara tara.
Na ce mata kuɗin sun yi yawa.
Ta ce, "Kaka, yau ta ƙofar gaba za ki bi."

Dandalin yana nan yadda na bar shi.
Tattabaru sun tare bakin ruwa,
kifin tagulla bai gaji da tofi ba,
agogon hasumiya har yau
yana makara da minti huɗu.
Mai shagon kofi ne kaɗai ya canza:
jikan ne yanzu, amma hancin na kakan ne.

Ashe ƙofar gaba nauyi gare ta.
Ni ta lungu na sani, bayan kwandunan albasa,
inda Albina mai girki ke ƙirga mu da asuba
kamar cokula.

Wani yaro mai suna Tullio, da kati a wuya,
ya ɗaga laima a naɗe, muka bi shi.
Ya ce mu dubi sama.
Na duba.
Mala'iku masu kumatu, gajimare, doki mai fukafuki.
Shekara tara ina ƙarƙashinsu
ban san rigar waccan matar shuɗiya ce ba.
Mai durƙuso da tsumma
ƙasa ya haddace.

Na san katakon da ke kuka kusa da taga.
Na san kujerar da aka kewaye da jar igiya:
karen uwargida ya yi fitsari a kanta
ranar da baƙi suka zo daga Torino,
ni na wanke da ruwan tsami,
ni na sha mari.

Sai muka iso matakala.
Tullio ya tsaya a ta bakwai, ya sassauta murya,
ya nuna tsagar da ta ratsa farin dutse.
Ya ce an ce takobin wani jarumi ne
a daren da aka yi wa gidan ƙawanya.
Mutane suka sunkuya da wayoyinsu.
Wata mata ta dafe ƙirji.

Tukunyar tagulla ce, yaro.
Cike da miyar wake, ranar Alhamis.
Ina da shekara goma sha uku,
hannuna da man zaitun.
Ta suɓuce, ta buga, ta gangara tana kuwwa
har gindin gunkin nan marar hanci.
Albashin wata biyu aka yanke min.
Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba,
ta dai ƙara ruwa a miya har bazara.

Na buɗe baki.
Nives ta dube ni.
Yaron yana ta murna da jaruminsa,
kunnuwansa sun yi ja don jin daɗi.
Na rufe.
Wanda ya ci ladan kuturu shi zai masa aski;
shi ma abincinsa yake nema a gidan nan.

Da suka wuce na tsaya baya,
na kama ƙarfen dafawa, gwiwa tana ƙara,
na sa yatsa a cikin tsagar.
Akwai ƙura.
Wa ke share musu yanzu?

A waje ƙararrawa ta buga sha biyu,
agogo bai yarda ba tukuna.
Nives ta sayo min kati mai hoton matakalar.
Yuro ɗaya da rabi.
Yana jikin firij ɗina.