Juya Rigar

A Samaru, bayan an ɗauke wuta,
ni da kwamfuta muna lallaɓa sauran caji
kamar masu alwala da buta guda.
Shafi nake ɗinka wa Kawu Tanimu,
mai aikin allura a Alfadarai,
wanda aska takwas ɗinsa ta kai Agadas,
shi kuwa ko Kaduna sai da dalili.

Na zuba ado, ban yi rowa ba:
hotuna masu sulɓewa kamar tarwaɗa,
rubutu mai shigowa yana rangwaɗa,
baƙin bango, don shi ake yayi bana.
Barau ya leƙo ya ce, "Sabon salon ka ɗauko?
Na makon jiya ai ya yi furfura."
Na ɗauko. Na ɗora kaya kan kaya
har shafin ya fi buhun masara nauyi.

Ran Laraba na shiga bas,
na wuce Kwangila, na sauka Ƙofar Doka,
na iske shi a zaure, zare a baki.
Ya miƙo wayarsa mai tsagaggen gilashi
da aka ɗaure bayanta da roba.
Muka danna.
'Yar da'irar nan ta hau juyawa.
Ta juya.
Ya zura zare, ya gama ganye guda.
Aka kira la'asar, tana juyawa.
Sai saƙo: data ta ƙare.
Ɗari uku ta tafi, ba a ga ko wuyan riga ba.

Na sayi wata. Ya buɗe da ƙyar,
ga sunan sana'arsa da giɓi a baki:
inda ɗ take, akwati ne fanko,
ƙ ta gudu, ɓ ta ɓuya.
Rubutun da na aro don ƙawa
bai san lanƙwasar harshenmu ba.
Ɗinki ya koma inki.
Kawu ya yi dariya har hula ta karkace.
Babban yatsansa, mai kantar shekara arba'in,
ya nemi maɓalli ɗaya, ya taka uku.

Bai yi faɗa ba.
Ya jawo wata shuɗiya, ya juya cikinta waje.
"Duba nan. Mai saye gaba yake kallo,
ni kuwa a nan nake kwana.
In bayan ya cukurkuɗe, gaban ƙarya yake,
wanki biyu zai tona masa asiri.
Riga kuma, ɗan nan, don mai sawa ake yanka ta.
Maɗinka 'yan'uwanka ba su za su saya ba."

Daren nan farka na yi ta yi.
Na matse hotuna har suka koma shafal,
shuɗin bai zuba ba.
Na auna da ƙaramar waya tukuna,
babban allo ya biyo baya da kansa.
Na faɗaɗa maɓalli daidai yatsa mai kanta.
Ƙarƙashin kowane hoto na ajiye bayani
saboda Malam Iro, maƙwabcinsa,
da ido ya tafi, waya ke yi masa karatu.
Ƙirƙirarriyar basira ta zubo min layi ɗari
kafin shayina ya huce;
na bi su ɗaya-ɗaya kamar mai tsince shinkafa,
na zubar da saba'in.
Da hantsi na fita tsakar gida da shafin,
rana ta cinye baƙin bangon,
na mayar da shi fari.

Ran Asabar na koma.
Kafin ya tsinke zare da haƙori
shafin ya buɗe,
ɗ na zaune da ƙugiyarta.
Ya daɗe yana kallon rigarsa a tafin hannu,
ya matso da ita, ya nisanta.

"To," ya ce.
"Amma kuɗin nan da ka sa na bara ne.
Zare ya tashi."

Ya koma kan allurarsa.