Sawu a Daɓe

Ranar da ruwa ya janye daga ƙauyenmu, gabas da Auyo,
ya bar mana laka har gwiwa da warin gero a rumbu.
Ya maido turmin Delu gindin marke,
ya maido takalmi ƙafa ɗaya,
bai maido Nafi'u ba.

Kwana arba'in ban ce uffan ba.
Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki,
aka turara min hano har idona ya kaɗa.
Ni kuwa na san harshena lafiya lau yake,
maganar ce ta bi ruwa.

Malam Sha'aibu bai tambaye ni komai ba.
Bayan kowace Asuba jikarsa kan kawo ƙoƙo,
rubutu baƙi wuluk mai ƙamshin ƙaro,
in shanye, in miƙa, ta juya.
Sau ɗaya ya haɗo ta da saƙo:
"Kada a matsa mata. Mai ji yana jin shiru."

Maza suka ta da bango, suka jera azara,
suka wuce fadama duba abin da ya rage na shinkafa.
Sauran aikin na mata ne.

Ran Laraba suka shigo, kowace da madaɓinta.
Iya Tabawa ta kwana jiƙon makuba,
Barira ta yi sawu bakwai da kwandon tsakuwa.
Har Ladingo,
wadda shekara uku ba ma ga maciji
saboda tunkiyarta da ta cinye min rama,
ta ci ɗamara, ta durƙusa dab da ni.
Ba ta ce sannu ba.
Itacen kawai ta sa min a hannu, ta matse yatsuna a kai.

Tim. Tim. Tim.
Da salati suka fara, kafin waƙa ta biyo baya.
Ba wadda ta ambaci sunansa,
amma na ji kowace tana dukan nata:
Barira da ɓarin da ta yi bara,
Iya da huɗun da ƙyanda ta kwashe
tun ban zo duniya ba.
Na ɗaga hannu, na sauke.
Ƙasa ta amsa.
Na ƙara, na ƙara, har kafaɗa ta yi tsami,
gumi da wani ruwan suka haɗu a haɓata
suka ɗiga, aka daɓe da su.

Hansai tana can jikin bango da kaskon farar ƙasa,
tana zana wata, da zabi a jere, da ganyen kuka.
Ta zana kogin ma,
sai dai ta yi shi siriri kamar zare,
irin wanda yaro zai tsallake da ƙafa ɗaya.

La'asar sakaliya, daɓe ya kwanta sumul, bai bushe ba,
sai autan Ladingo, mai koyon tatata,
ya kufce wa yayarsa, ya faɗo ɗaki yana dariya.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Yatsu biyar-biyar, ƙanana kamar ƙwayar gujiya.
Uwar ta zabura, ta fizge shi,
ta ɗaga madaɓi za ta shafe.

"Bar shi."

Muryar ta fito kamar ƙyauren da ya kwana biyu ba a buɗe ba.
Sai da na waiga neman mai ita.
Ba a yi guɗa ba.
Iya Tabawa ta yi hamdala ƙasa-ƙasa,
ta ce, "Ku kewaye wurin, mu ƙarasa kafin Magariba."

Yanzu ya bushe, ja, yana ƙyalli kamar bayan tulu.
Sawun uku na nan daga bakin ƙofa, sun nufo ciki.
In na yi shara, ƙura kan maƙale a cikinsu,
sai in sa yatsa in fitar.
A gefensu nake shimfiɗa tabarmar salla.

Har yau in hadari ya haɗo, cikina kan ɗuri ruwa.
Amma jibi ɗakin Barira za mu daɓe,
makuba kuma tana wajena,
tun jiya na jiƙa.