Shuɗin Akwati a Cikin Jirgi

Tun kafin ladan ya yi kira na biyu
na kwance jirgi a bakin Kwara,
na kwashe ruwan da ya kwana ciki da ƙoƙo.
Malama Kulu ta gangaro daga cikin Yawuri
rungume da shuɗin akwati
kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.
Ta ce, "Sa shi inuwa, Ɗangwani, ba ya shiri da rana."
Na tuɓe rigata na lulluɓe shi.

Ba abin da ban ɗauka ba a ruwan nan:
buhunan albasa, awaki masu kuka, babur, ƙyauren ƙarfe.
Shekara uku baya na ɗauki Ige,
kwance bisa tabarma, kanta a cinyar yayarta.
Wata takwas tana ɓoye jinin,
tana wanke tsumma da dare, tana shanyawa bayan rumbu.
Kunya ta kama bakinta,
ni kuma ban tambaya ba.
Muka sha saƙe-saƙi, muka sayar da koma, muka sayar da sa.
Likita a Birnin Kebbi ya cire tabarau, ya dube ni,
ya ce, "Sankara ce a bakin mahaifa. Ina kuka tsaya?"

Ina muka tsaya.
Har yau in inji ya mutu a tsakiyar ruwa
wannan tambaya nake ji.

A tsibirinmu 'yan mata sun jeru gindin mangwaro,
wasu da takalmi, wasu ƙafa duk laka.
Yayana Na'Allah ya tare ni tun ban ɗaure igiya ba:
"Kai ne yau mai dakon allurar kashe ƙwan haihuwa?
Maganin zazzaɓi sai da kuɗi, wannan kuma kyauta?
Tsuntsun da ya ga tsaba a fili, ya duba tarko."
Ban ga laifinsa ba, an sha yi mana alkawarin banza.
Na ce, "Yaya, kai ka koya mini toshe jirgi.
A tudu muke yi, ko sai mun kai tsakiya?"
Ya tofar da goro, ya ba ni baya.

Malama ta ce ƙwayar cutar ba ta gaggawa,
tana kwanciya shekaru kamar kada ƙarƙashin kainuwa,
yarinya ta girma, ta haihu, ta yaye,
sannan ta ɗago kai.
Ta ce tata 'yar ta fara yi wa,
ta nuna hotonta a waya, ga hannun riga a naɗe.

Luba tawa shekararta goma sha biyu.
Wushiryar uwarta ce a bakinta,
har da yadda take ɗage gira in ta tsorata.
Ta miƙa damtse, ta kafa wa kogi ido,
ta cije leɓe tana jiran abu babba.
Sai ta ce, "Shi ke nan?"
Layi ya fashe da dariya.

Da ta karɓi katinta ta matso kusa da ni:
"Baba, lokacin Inna babu wannan ne?"
Na sunkuya ina gyara igiyar da ba ta kwance ba.

La'asar muka juyo.
Akwati ya yi sauƙi, ƙananan kwalabe na kaɗawa ciki.
Suna arba'in da ɗaya a littafin Malama,
gida bakwai sun rufe ƙofa.
Na hango 'yar Na'Allah, Tumba,
tana leƙen jirginmu ta ramin zana.
Malama ta ce, "Alhamis za mu dawo."
Ban gaya mata bashi nake cin man ba.

Ruwa ya fara taruwa ƙarƙashin ƙafafunmu.
Na miƙa wa Luba ƙoƙo,
ta ce hannunta na ciwo, ba ta iyawa,
ta kuwa dafe wanda ba a yi wa allurar ba.
Na gani, na yi shiru,
na riƙe inji da hagu, na kwashe da dama.