Kujera ta Goma Sha Biyu

Kujeru goma sha ɗaya muka sayar.
Ta sha biyun ƙafarta ta gurɗe, aka rasa mai taya ta,
ita na ɗauko a ka, na hau tudun Barón da ita,
matakala bayan matakala, teku na kallon ƙeyata.
A kanta nake zaune yanzu,
na tokare ta da kundin harajin kamfanin da ya mutu.

Tun yana ciki muka raɗa masa suna.
Muka buga sunan a riguna, a kofuna, a gilashin ƙofa.
Shekara uku muna gina manhaja
don mutanen da ba mu taɓa zama da su ba.
Masu jari suka zo daga Santiago, suka yi tafi,
suka koma gida tun rana ba ta faɗi ba.

Daren da na kashe na'ura ta ƙarshe
na zaci ƙasa za ta girgiza,
ai a Valparaíso ba ta jin kunyar yin haka.
Ko kofi bai motsa ba.
Baltasar ya ajiye makullinsa, ya ce, "Ximena, sai da safe."
Yau wata tara ke nan safiyar ba ta zo ba.

Na yi damina guda ina tsoron allon kwamfuta
kamar wadda maciji ya sara ta ga igiya.
Mahaifiyata ba ta tambaye ni komai ba,
sai dai ta ƙara mini miya.

Kifi na je saye a Portales.
Na tarar da Don Evaristo yana lissafi a bayan kwali,
fensir a kunne, gishiri a gira.
Ruwa ya fantsama, bakwai ta koma ɗaya,
dillali ya rantse ɗaya ce tun asali.
Tsohon bai yi musu ba. Ya goge hannu a wando.
Ni ce na tsaya da kifina yana ɗiga a takalmi,
wani abu yana buɗe ido a ƙirjina.

Wannan karon ban rubuta layi ko ɗaya ba
sai da na yi sati shida ina ɗaukar kwando.
Na koyi cewa jiƙaƙƙen yatsa ba ya son ƙaramin maɓalli,
cewa mutumin da ya kwana a kan ruwa
ba zai tuna kalmar sirri mai harafi goma ba.
Maɓalli uku na yi, manya-manya:
nauyi, farashi, wa ya karɓa.

Ƙarfe biyar na asuba waya ta yi ƙara.
"Yarinya, abin naki ya ce na kama tan huɗu.
In gaskiya ne, zo ki taya ni ɗauka."
Ɗigo ɗaya ne na ajiye inda ba wurinsa ba.
Na gyara ina dariya, bargo a kafaɗa,
rabon da kuskurena ya dami wani har na manta.

Jirage tara ke amfani da ita yanzu.
Na goman ya ce sai ya ga ƙarshen wata.
Kuɗin farko ya zo a ambulan mai ƙarni,
da kifi biyu a jarida, wai na gyara.
Bai kai kuɗin haya ba.
Na san yadda faɗuwa take, na san ƙamshinta,
mai yiwuwa tana hawo matakalar nan a hankali.

Ban yi riga ba, ban yi kofi ba.
Masunta suna ce mata "abin Ximena",
na bar shi haka tukuna.
Kujerar tana ɗingishi duk sanda na miƙa hannu,
ni kuma ina da saƙo uku da ban amsa ba
kafin jirage su dawo.