Tudun Crookes

Biyar da rabi, Sheffield na minshari,
takalmina bai bushe ba tun Laraba.
Gwiwa ta ce a bari.
Na ce bari ba shegiya ba ce,
amma yau ba ranarta ba ce.

Su bakwai suna jira a tashar bas,
bakinsu na tururi kamar kwanon koko.
Maureen, mai jikoki huɗu, ita ke ja.
Lantana ya fi ƙarfin harshenta,
ta ce Lanti, na amsa.

Tudun nan ba ya jin magiya.
A tsakiyarsa na tuna bargo,
na tuna tsaye na kwana a asibiti.
Wa ya aike ni?
Ba kambu, ba ko sisi.

Declan, direban motar shara, ya rage gudu.
Bai ce uffan ba, ya jera da ni,
ya miƙo rabin ayaba.

Mil goma sha huɗu yau.
Saura mako tara,
saura farce takwas a ƙafata.

A ƙoli ruwa ya tsinke.
Maureen ta dubi agogo,
ta dube mu, ta ce a sake.